"Ai kwamfuta ce ta zana": shin wannan ya isa bene ya tsaya da ƙafarsa?

Tun bayan ruwan da aka tafka a Maradi a ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya rusa gidaje aka kuma rasa rayuka, maganar ƙarfin gini ba ta bar bakin mutane ba. Galibin gidajen da ruwa ke kayarwa na ƙasa ne, amma fargabar ta kai har ga masu ginin siminti, musamman yanzu da benaye ke ta tashi a unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo da bakin manyan tituna. A majalisu da zaurukan WhatsApp, magana biyu nake yawan ji. Wasu su ce, "Ai kwamfuta ce ta fitar da zanen, ita ko ba ta kuskure." Wasu kuma su ce, "Injiniyoyin yanzu me suke yi? Maɓalli kawai suke dannawa, su karɓe maka kuɗi."

Duka maganganun daga tushe ɗaya suka fito, wato rashin sanin abin da manhajar gini take yi, da littafin da take bi, da abin da take jira mutum ya gaya mata. To mene ne aikin waɗannan littattafai da manhajoji, kuma ina ne amfaninsu ya tsaya?

Hoto daban, zane daban, lissafi daban

Watannin baya wani Alhaji ɗan kasuwa, aminin mahaifina, ya aika a kira ni shagonsa. Bayan gaisuwa ya miƙo mini waya ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Turo mini shi aka yi, kwamfuta ce ta yi shi. Ina so bayan salla a fara haƙa." Na duba. Bene ne hawa biyu, shaguna a ƙasa, gilasai suna ƙyalli, ga mota a ƙofa, har da dabino biyu a gefe. Na ce, "Baba Alhaji, hoton ya yi kyau ƙwarai. Ina sauran takardun?" Ya dube ni ya ce, "Waɗanne kuma?"

Abubuwa uku ne mutane ke haɗawa su kira su zane. Na farko hoton da ke nuna yadda gida zai kasance idan an gama, wanda ake yi da manhajoji irin su SketchUp. Wannan na kallo ne, bai san nauyin komai ba. Na biyu zanen mai tsara gini, wanda ke nuna ɗakuna da ƙofofi da awon kowane bango, galibi da AutoCAD ake yin sa, manhajar kamfanin Autodesk na Amurka da ta fito tun 1982. Ita ma AutoCAD alƙalami ce da ma'auni, duk layin da ka ja za ta karɓa.

Na uku shi ne lissafin ƙarfin gini, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. A nan injiniya yake bin nauyi tun daga sama: dal, wato shimfiɗar kankare ta rufi ko ta daɓen bene, ta sauke wa azarar kankare, azara ta sauke wa ginshiƙi, ginshiƙi ya sauke wa tushe, tushe ya sauke wa ƙasa. A kowane mataki sai an fitar da kaurin kankare da yawan ƙarfen da za a sa a ciki. Sakamakon wannan aiki takardu biyu ne, takardar lissafi, wadda a faransanci ake kira note de calcul, da zanen ɗaurin ƙarfe wanda mai lanƙwasa rodi zai bi. Cikin abubuwan nan uku, na farko kawai Alhaji yake da shi, da rabin na biyu.

Littafin da ke bayan manhaja

Maginan gargajiya suna da ƙa'idojinsu, sai dai a ka suke riƙe da su. Kowane magini ya san azarar giginya ba ta son ratar da ta wuce wajen mita biyu, shi ya sa idan ana son soro mai faɗi sai a ɗaure baka. Ilmi ne da aka gada daga uba zuwa ɗa, kuma ido yana ganin azara idan ta fara gajiya. Kankare mai ƙarfe ba haka yake ba. Da zarar an zuba, ƙarfen ya shige ciki, ba mai sake ganinsa, kuma aibinsa yana iya kwanciya shekaru kafin ya bayyana. Dalilin da ya sa aka rubuta ƙa'idojinsa ke nan, aka mai da su littattafai.

Wanda injiniyoyin Nijar suka fi tashi da shi shi ne BAEL, ƙa'idojin Faransa na lissafin kankare mai ƙarfe. Bugun da ake amfani da shi na 1991 ne, wanda aka yi wa kwaskwarima a 1999. A Najeriya kuwa BS 8110 na Ingila ne ya kafu, wanda ya fara fitowa a 1985. Amurka tana da ACI 318. Ƙasashen Turai sun haɗu sun yi Eurocode, kundi goma daga EN 1990 zuwa EN 1999, na kankare shi ne Eurocode 2, kuma a 2010 aka tsayar cewa tsofaffin ƙa'idojin ƙasa-ƙasa su kauce masa.

Me ke cikin irin wannan littafi? Yana gaya maka nauyin kayan gini: mita kubik ɗaya na kankare mai ƙarfe tan biyu da rabi ne, don haka dal mai kaurin santimita 15 tana da kilo 375 a kowane murabba'in mita tun kafin kowa ya taka ta. Ƙa'idojin Faransa suna ɗauka cewa ɗakin kwana zai ɗauki mutane da kaya na kilo 150 a murabba'in mita, ofis kuma 250. Sannan akwai rarar tsaro. BAEL yana ninka nauyin ginin kansa da 1.35, nauyin mutane da kaya da 1.5, ya kuma rage ƙarfin kankare ta hanyar raba shi da 1.5, na ƙarfe da 1.15. Wannan rara ba almubazzaranci ba ce. An ajiye ta ne domin ƙananan kurakuran da ba a rasawa a kowane aiki, kuma idan aka cinye ta tun a wurin saye da kwaɓi, gini yana tsaye ne ba tare da komai a ajiye ba.

Manhajar lissafi ba ta da wani ilmi na kanta da ya wuce waɗannan littattafai. Idan ka buɗe Robot, wadda asalinta ta kamfanin Robobat na Faransa ce kafin Autodesk ya saye shi a 2008, ko ETABS da SAP2000 na kamfanin CSI da ke Kalifoniya, abu na farko da ya kamata ka zaɓa shi ne littafin da za ta bi.

Maradi tsakanin littattafai biyu

Nan ne matsalarmu ta bambanta da ta Yamai ko Agadas, kuma nan nake so mai karatu ya tsaya sosai.

Maradi gari ne mai karatu da faransanci, mai ciniki da Najeriya. Yaran da suka fito daga Lycée Technique Ɗan Kasawa, da sashen fasahar gine-gine na Jami'ar Ɗan Dicko Ɗan Kulodo, da makarantun injiniyoyi na EMIG ta Yamai da 2iE ta Wagadugu, da tsarin Faransa aka horar da su. Waɗanda suka yi karatu a Kano ko Zariya ta Najeriya, da na Ingila suka dawo. Siminti yana zuwa daga Malbaza, yana kuma shigowa ta Ɗan Isa. Rodi haka. Magina da masu ɗaurin ƙarfe suna tsallako iyaka, zane ma yana tsallakowa ta waya. A fili ɗaya sai ka tarar zanen da aka lissafa da littafin Ingila, mai duba aiki ya san na Faransa, ƙarfen kuma ba wanda ya san ƙarfinsa.

Kowane littafi daidai yake idan aka bi shi daga farko har ƙarshe. Haɗarin yana cikin gauraya. Ga misali ɗaya da ya isa. Domin a auna ƙarfin kankare, ana zuba kaɗan a mazubi, a bar shi kwana 28, sannan a matse shi da inji har ya fashe. A tsarin Faransa mazubin dogo ne kamar turmi, faɗinsa santimita 16, tsayinsa 32. A tsarin Ingila mai kusurwa ne, santimita 15 ta kowane ɓangare. Kankare iri ɗaya yana ba da lamba mafi girma a mazubin Ingila. Shi ya sa Eurocode ke rubuta lambobin biyu tare, kamar C25/30, wato 25 a dogon mazubi, 30 a mai kusurwa. Yanzu a ce zanen da aka kawo ya ce kankare mai ƙarfin 25, da nufin awon Ingila, sai wani ya ɗauki wannan 25 ya shigar a lissafin BAEL domin ƙara hawa ɗaya. Ainihin abin da ke hannunsa wajen 20 ne. Kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ya tafi, kuma manhajar ba za ta ce uffan ba, domin lambar da aka ba ta ita ta yi aiki da ita.

Haka abin yake ga ƙarfe. A lambobin da ke nuna ƙarfin rodi, BAEL ya san FeE400 da FeE500, BS 8110 ya daɗe yana aiki da 460. Rarar tsaron ma ba ɗaya ba ce, na Ingila yana ninka nauyin gini da 1.4, na mutane da kaya da 1.6. Wanda ya ɗauki nauyi daga wannan littafi, ya ɗauki ƙarfin kaya daga wancan, ya yi lissafin da babu shi a kowane littafi.

Ban faɗi haka don a guji zanen da ya zo daga Kano ko Katsina ba. Akwai ƙwararrun injiniyoyi a can, kuma na ga takardunsu masu tsafta. Abin da nake cewa shi ne duk zanen da ya tsallako iyaka sai ya zo da takardar lissafinsa, a ga littafin da ya bi, a kuma ci gaba da shi har a gama.

Abin da manhaja ba ta gani

Kada a raina manhaja. Lissafin da a da yake cin makonni da alƙalami, yanzu cikin mintuna yake fitowa. Tana yanka gini gunduwa-gunduwa, dubbai, ta lissafa yadda kowace gunduwa ke tura ƴar'uwarta, aikin da hannu ba zai iya ba a babban bene. Idan mai gida ya canza ra'ayi, a gyara a sake lissafi nan take. Wannan ci gaba ne na gaske.

Amma ko a ƙasashen da suka ƙera ta, ta taɓa kai mutane ga asara. Ranar 23 ga Agusta 1991, ƙaton gindin kankare na dandalin haƙar mai da ake kira Sleipner A ya nutse a ruwa kusa da Stavanger ta ƙasar Norwe, ana cikin gwada shi. Ba a rasa rai ba, amma asarar ta kai wajen dala miliyan 700. Bincike ya gano cewa yadda aka yanka wani sashe na ginin a cikin manhaja bai dace ba, sai ta nuna matsin da ke kan bangon ƙasa da ainihinsa da kashi 47 cikin ɗari. Ƙwararru ne suka yi aikin, da manhaja mai suna.

A wurinmu abubuwa biyu ne suka fi kuɓuce mata. Na farko, abin da za a yi da ginin. Na tambayi Alhaji me zai sa a hawa na sama. Ya ce iyali, "sai dai in kaka ta yi, ɗaki biyu na baya zan riƙa zuba gero da wake." Mu lissafa tare. Buhu mai kilo 100 idan ya kwanta yana cin wajen rabin murabba'in mita, wato buhu biyu a murabba'in mita ɗaya. A jera biyar-biyar zuwa sama, an samu tan ɗaya a inda aka lissafa kilo 150. Tankin ruwa mai lita 2000 da ake ɗorawa kan rufi bayan an tare, shi ma tan biyu ne a wuri guda. Sai kuma sha'awar shago fili ba ginshiƙi a tsakiya. Idan aka faɗaɗa ratar azara daga mita 4 zuwa 6, ƙarfin da ke son lanƙwasa ta ba rabi yake ƙaruwa ba, ya ninka sau biyu da kwata, ko da nauyin da ke kan kowace mita bai canza ba.

Na biyu, ƙasa. Maradi ta san wannan darasi tun 1945, lokacin da ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon gari da ke cikin kwari, aka hau da shi kan tudu. Ƙasar fadama mai laka daban take da rairayin tudu, kuma a cikin tudun ma akwai tsofaffin kududdufai da aka haƙa don ginin ƙasa, daga baya aka cike su da shara, yau an yanka su filaye. Manhaja tana da gurbi guda da take tambayar nauyin da ƙasa za ta iya ɗauka. Na sha ganin an rubuta "2 bar" a wurin, wato kamar tan 20 a murabba'in mita, don kawai haka aka saba gani a darasin makaranta. Idan ƙasar rabin haka take iya ɗauka, filin da tushen zai zauna a kai sai ya ninka biyu. Ba abin da ke cike wannan gurbi da gaskiya sai gwajin ƙasa a filin kansa, irin wanda ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa, LNTP/B, da wasu masu zaman kansu suke yi.

Daga allon kwamfuta zuwa bakin baro

A ce lissafi ya yi daidai, ƙasa an gwada ta. Saura abin da ya fi ba ni tsoro, wato ranar zubi.

Zane ya ce ƙarfe mai lamba 12, wato mai kaurin milimita 12. Sandar ƙarfe 12 ta gaskiya, mai tsawon mita 12, nauyinta kilo 10 da giram 660 ne ko kusa da haka. Mai lamba 10 kilo 7.4, mai lamba 8 kilo 4.7. Waɗannan lambobi suna cikin jadawalin kowane littafin injiniya, kuma duk mai gini ya kamata ya rubuta su a wayarsa. Na taɓa sa a ɗora sanda a kan sikelin mai sayar da hatsi, a gaban mai gida da mai ɗaurin ƙarfe. An sayar masa da ita a matsayin 12, sikeli ya tsaya a kilo 9. Ƙarfe 11 ne aka ba shi. A ido bambancin milimita ɗaya ba komai ba ne, amma a jikin ƙarfen kashi 16 cikin ɗari ne ya ragu. Wanda kuma ya musanya 12 da 10 don sauƙin kuɗi, kusan kashi 30 ya zubar.

Kwaɓi ma haka. Kankaren ginshiƙi da dal a bisa al'adar aikinmu kilo 350 na siminti ne a mita kubik, wato buhu 7. Idan aka sauko da shi ma'aunin leburori, buhu ɗaya yana tafiya da baro ɗaya na rairayi, baro biyu na tsakuwa, da ruwa wajen jarka ɗaya mai lita 25. To je ka fili da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, leburori suna hawa da kwanuka a ka. Kwaɓi ya fara ƙarfi, sai ka ji magini ya ce, "Yaro, ƙara ruwa ya yi laushi." Ba mugunta ba ce, sauƙin aiki yake nema. Amma duk ruwan da ya wuce ƙima, idan ya bushe ƙananan ramuka yake bari a ciki, ƙarfin kuma ya sauka. Bayan zubi kankare yana son a riƙa shayar da shi aƙalla mako guda, a nan kuwa inda rana da iska ke tsotse shi, wannan shayarwa ba abin wasa ba ce.

Akwai kuma rigar ƙarfe, wato kaurin kankaren da ke rufe shi. BAEL ya ce santimita 3 ga abin da ruwa da rana ke duka. Idan aka kwantar da ƙarfe kai tsaye kan katako ba a ɗaga shi da ƴan duwatsun siminti ba, bayan wasu damuna tsatsa za ta kama shi, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Duk wanda ya ɗaga kai a tsofaffin barandu ya ga ƙarfe ja ya leƙo, abin da ya gani ke nan.

Kwafin sata da littattafan waya

Lasisin manyan manhajojin nan da kuɗin waje ake biya, galibi shekara-shekara, kuma ya fi ƙarfin matashin da ya fito makaranta jiya. Shi ya sa kwafin da aka fasa yake yawo a filas. Na fahimci dalilin, amma ba zan ce ya dace ba. Haƙƙin wasu ne, sannan irin wannan kwafi ba ya samun gyaran da kamfani ke fitarwa idan an gano kuskure, ga ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke biyo shi. Ɗalibai da malamai su sani Autodesk yana ba da lasisin karatu kyauta. Akwai kuma na kyauta ga kowa: RDM6 don lissafin azara, EPANET don bututun ruwa, HEC-RAS don gulabe da magudanai, QGIS don taswira.

Littattafan da ake turawa ta WhatsApp da Telegram sun taimaki ɗalibai da yawa, wannan gaskiya ne. Sai dai a duba shekarar bugu. BAEL na 1983 yana nan yana yawo tare da na 1991 da gyaran 1999, wani lokaci shafin farko ma babu.

BAEL ko Eurocode?

Wannan muhawara ce tsakanin masu sana'ar, amma tana shafar aljihun kowa. Masu son a tsaya kan BAEL suna cewa kowa ya san shi, daga malami har mai duba aiki, ana iya bin sa da alƙalami da ƙaramin kalkuleta, kuma dubban gine-ginen da aka yi da shi suna tsaye. Masu son Eurocode suna cewa littafin da masu shi suka daina sabuntawa ba zai raka mu har abada ba, sababbin littattafan koyarwa da manhajoji duk can suka karkata, kuma yaranmu da za su yi aiki da kamfanonin waje, irin masu shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maradi, suna buƙatar ƙa'idojin da duniya ke aiki da su yau.

Ni a ganina Eurocode za mu je, ko ba jima ko ba daɗe. Amma akwai sharaɗi. An gina Eurocode ne a kan cewa kowace ƙasa za ta cike wasu lambobi da kanta, a wani rataye nata: ƙarfin iska, zafi, da makamantansu. Wanda ya buɗe manhaja ya bar ta a kan ratayen Faransa, ya lissafa wa Maradi iskar wata ƙasa. Tsohon littafin iska na NV65 ma taswirar Faransa ce a cikinsa, tare da lissafin dusar ƙanƙara, alhali abin da ke yaye mana kwano iskar da ke gaban hadari ce a farkon damina. Aikin da ke gaban jami'o'inmu da hukumar hasashen yanayi da ƙungiyoyin injiniyoyi shi ne su tattara lambobinmu su buga su.

An taɓa yin irin wannan a fannin hanya da ruwa, kuma ya yi amfani. Jagorar 1984 ta CEBTP, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Faransa, an rubuta ta ne musamman don titunan ƙasashe masu zafi, ta san burji, ta kasa ƙasa aji biyar da zirga-zirga aji biyar. Hanyoyin ƙiyasta ambaliya na cibiyoyin bincike na ORSTOM da CIEH, waɗanda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta tattara a 1996, daga awon ƙoramun yankinmu aka fitar da su. Sai dai su ma ruwan shekarun baya suka sani, da garuruwan da ba su cika da kwano da siminti ba. Kwalbatin da aka auna da su yana buƙatar a sake duba shi da ruwan da muke gani yanzu.

Abin da mai gini zai nema

Ba sai ka iya faransanci ko lissafi ba kafin ka kare kanka. Idan ginin zai hau sama, ko yana da dal mai faɗi, ka nemi takardar lissafi mai ɗauke da sunan injiniya da sa hannunsa da hatiminsa. Ka ce ya nuna maka da yatsa littafin da ya bi, da lambobi huɗu: ƙarfin kankare, irin ƙarfe, nauyin da ya ɗauka za a ɗora a kowane hawa, da ƙarfin ƙasa. A kan ta ƙarshen ka tambaye shi daga ina ya samo ta. Injiniyan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma yana iya ɗaukar takarda ya gwada maka azara ɗaya da hannu, ka ga ta yi kusa da abin da kwamfuta ta fitar.

Ka gaya masa gaskiyar niyyarka tun farko. In kana da burin ƙara hawa bayan shekara biyar, ko ajiye hatsi, ko mai da wurin makarantar islamiyya, yanzu ne lokacin faɗa, domin tushe ba a sake shi. A cikin yarjejeniya ka sa cewa zai zo ya duba ɗaurin ƙarfe kafin kowane zubi, a kuma ɗebi kankaren a mazubi a kai gwaji. Ka nemi izinin gini a ma'aikatar magajin gari, ka adana kwafin takardun duka tare da takardar fili, saboda magada da duk wanda zai taɓa ginin bayanka. Masu haya da iyayen yara ma suna da haƙƙin tambaya idan suka ga ana ɗora sabon hawa a kan tsohon gini da mutane a ciki.

Alhaji bai ji daɗin maganata a ranar ba, don ta ɗage masa fara aiki. Bayan kwana uku ya kira ni ya ce, "Ɗana, nemo mini mai lissafin." An haƙa ramukan gwaji, a kusurwar gabas aka tarar da baƙar ƙasa da tsummoki da ledoji har zurfin da ya wuce tsayin mutum, sai aka saukar da tushen wannan ɓangare ƙasa sosai. An ƙara ginshiƙi biyu a tsakiyar shagunan, ma'ajin hatsi ya dawo hawan ƙasa, tankin ruwa kuma aka ba shi gurbi a kan ginshiƙai. Rodin da aka kawo, sanda uku aka zara daga cikin ɗauri aka ɗora a sikeli kafin a sauke sauran daga mota.